Ƙurar Saman Ƙofa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Na rubuto ne don na gaji da ihu a waya. Kunnenka na dama ka ce ƙarar bindiga ta cinye shi, na hagun kuma na lura ba ya jin komai sai abin da ya ga dama.

Wasiƙarka ta iso. Na buɗe, na zaci lafiyar Mama za ka tambaya. Ashe hoton Baba kake nema, wanda yake cikin kaki, wai ƙungiyarku ta tsofaffin sojoji za ta baje tarihin tsohon bariki kafin a rushe shi. To madalla. Bari in ba ka tarihin bariki na wannan makon, kyauta.

Mama ta koma bariki. Kullum da sassafe, kafin in buɗe shago, sai ta ɗauki tsintsiya da tsumma ta fice. Ta tsallaka babban titi, ta shiga ta tsohuwar ƙofa, ta ratsa filin fareti inda yanzu masu koyon tuƙi ke ta kewaye, ta nufi layinmu, ɗakin ƙarshe na kusa da famfo. Wani kafinta ne ke haya a ciki yanzu. Ta share ƙofar tas, ta jera duwatsun bakin hanya, sannan ta hau benci ta goge saman ƙofa. Matar da wata rana ba ta iya tuna ko ni wace ce, ba ta manta da saman ƙofa ba. In na ce mu tafi gida sai ta daka mini tsawa: "Ke, yau Asabar, za a zo duba! So kike a sa Kofur gudu?" Baba take nufi. A wurin Mama yanzu kowace rana Asabar ce.

Shekaranjiya wata mai koyon tuƙi ta taka totur a madadin birki. Tsintsiyar ce ta shiga ƙarƙashin taya, Mama na riƙe da ɗaya bakin. Da aka kira ni na bar rigar mutane a kan keken ɗinki na fita ba takalmi.

Ni kaɗai ce, Yaya. Ba zan iya ɗinki da ido ɗaya, ɗayan yana kan ƙofa ba. Uwarka ce kamar yadda take tawa. Ka faɗa mini yadda za mu hana ta zuwa wurin nan kafin a kawo mana ita a kwance.

Ka gai da matarka da yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, na samu takardarki, na kuma fahimci abin da ke ciki, duk da cewa rabinsa faɗa ne.

Maganar Mama ba ta da wuya. A sa kwaɗo a ƙofar gida, makulli ya zauna a hannunki. A ɓoye tsintsiya. Za ta yi rigima na ɗan lokaci, daga baya ta saba. Na horar da ɗaruruwan mutane, ban taɓa ganin wanda bai saba ba.

Amma ban ji daɗin yadda kike maganar bariki ba. Ke yarinya ce lokacin, ba ki san komai ba. Sojojin mulkin mallaka ne suka fara gina shi don rundunar dawakai, da dutse, shi ya sa har yau ƙusa ba ta shiga bangon. Da suka tafi namu suka karɓa. Lokacin yaƙi a filin nan aka horar da samarin da suka tsare ƙasar da kike zaune lafiya a cikinta, dogon ɗakin da ke bayan kanti kuma ya zama asibitin masu rauni. Garin kansa bariki ne ya haife shi. Kasuwa a bakin ƙofarsa ta fara, da mata masu sayar wa soja abinci. Tasha don soja aka yi ta. Makarantar da kika yi, ta 'ya'yan soja ce kafin a buɗe ta ga kowa. Da agogon begila mutanen gari ke tashi. Ko da aka mai da runduna sabon bariki a bayan gari, mutane sun yi shekaru suna farkawa a lokacin ba tare da an busa komai ba.

Duba na ranar Asabar kuma ba zalunci ba ne, tsari ne. Inda aka tara iyali masu yawa a wuri ɗaya, in ba tsafta cuta ce za ta cinye su. Abin da ya sami Baba ya sami kowane soja sau ɗaya ko biyu. Ciwon ƙirji ne ajalinsa, haka likita ya ce. Allah ya jiƙansa.

Ki aiko da hoton ta hannun direban da ya kawo miki wannan. Za a sa shi a gilashi, ba abin da zai same shi.

Ki gai da Mama. Allah ya ba ta lafiya.

Yayanki,
Samanja mai ritaya

*

Zuwa ga Samanja mai ritaya,

Tunda haka ka sa hannu a wasiƙar da ka rubuto wa ƙanwarka uwa ɗaya uba ɗaya, ni ma haka zan kira ka. Ina gaisuwa, ranka ya daɗe.

Na sa kwaɗon. Na ɓoye tsintsiyar. Ka san abin da ya faru? Mama ta doki ƙofar nan da tafin hannu har fata ta fashe. Tana kuka tana roƙona, tana ce mini 'yar'uwa, tana cewa in taimaka mata, mijinta ba shi da ƙarfin gudu. Maƙwabta suka taru suna kallona kamar na ɗaure akuya. Da hannuna na buɗe, da hannuna na miƙa mata tsintsiyar, na bi ta a baya ina share hawaye. Wannan ne sabon da kake faɗa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ka ce ni yarinya ce ban san komai ba. Gaskiya ne, ban cika mako a duniya ba ranar. Amma matan layinmu sun ba ni labari har na haddace, kai kuwa da wayonka, kana tsaye a wurin. Mama na jego, ba ta iya miƙewa sosai. Duk da haka ta share ɗaki, ta wanke daɓe, ta shafa wa duwatsu farar ƙasa. Abu ɗaya ne ya gagare ta, hawa benci. Wani ɗan laftanan da ko gemu bai fara ba ya zo, ya duba ko'ina bai ga komai ba, sai ya miƙa hannu saman ƙofa, ya shafa, ya duba yatsansa. Shi ke nan. Aka cika wa Baba jakar baya da yashi, aka sa shi kewaya filin fareti da tsakar rana, aka ce matan layi su tsaya a ƙofofinsu su gani. Ya faɗi, aka watsa masa ruwa, aka ce ya tashi. Mama na tsaye da ni a hannu. Tun daga ranar yake tari, kuma bai ga tafiyata ba. Likita ya ce ciwon ƙirji. To wa ya sa masa ciwon a ƙirjin, aljanu?

In za ku baje tarihi, ku baje duka. Ka gaya musu ɗakinmu bargar doki ce. Zoben ƙarfen da ake ɗaure dokin yana nan a bango, a jikinsa Mama ke ɗaura igiyar shanya in ana ruwa. Doki ɗaya aka gina wa wurin, mu kuma aka zuba mu gaba ɗaya, kuma na rantse an fi kula da dokin. Ka gaya musu ba a gama zuwa mana gaisuwar rasuwar Baba ba aka aiko a kwashe kaya, wani kofur zai shiga. Ka gaya musu bayan sojojinku sun tashi, wurin ya zama kango, sai waɗanda ambaliya ta kora suka zauna, su ma aka kore su, sannan aka yanka shi haya. Gadurun ɗin da kuke kulle mutane yanzu ƙanƙara ake sayarwa a ciki. Ma'ajiyar makamai kifi ne a daskare. Ɗakin hutun hafsoshi, wanda ko inuwarsa ba a yarda mu tsaya ba, yanzu kowa da kuɗinsa yana kama shi ya yi taro. Ni dai ban ga abin kuka ba in an rushe.

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa duk garin nan, da sojojinsa da 'yan fansho, ni kaɗai ce telar da ba ta karɓar kaki? Ko maɓalli ba na sa masa. Na yi asarar ciniki ba kaɗan ba, ban kuma yi nadama ba.

Hoto ba zan ba direba ba. Mai son hoton ubansa ya zo ya ga uwarsa.

Na bar ka lafiya.

Tela

*

Zuwa ga Yallaɓai Samanja,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa da fatan alheri. Ba ka san ni ba. Ni ne kafintan da ke haya a ɗakin da kuka taso. Wajen direban da ke kai muku saƙo na samu hanyar aiko da wannan, ƙanwarka ba ta sani ba, don Allah kar ka haɗa ni da ita, bakinta ya fi zartona kaifi.

Yallaɓai, ni Mama ba ta dame ni ba. Tun da na kama hayar nan ƙofata ba ta taɓa yin tsafta irin ta yanzu ba. Takan yi mini faɗa a kan garin katako, ta ce in na ja wa Kofur sai ta kai ƙarata wurin matar saje. Ni kuma in ba ta haƙuri. Har shayi muke sha tare.

Abin da ya sa na rubuto biyu ne. Jiya ta zame daga kan benci. Allah ya sa ina kusa na tare ta, gwiwa kawai ta goge. Na ɓoye bencin, sai ta jawo gwangwanin fenti za ta hau, na ga gara bencin. Na biyu, an manna mana takarda cewa ƙarshen wata za a fara rusau, kuma daga layinmu za a fara. Manyan motoci sun soma shigowa. Direbobinsu ba sa ganin tsohuwa mai tsintsiya.

In ta gama aikinta takan tsaya a gefen ƙofa, hannuwa a baya, tana kallon bakin layi. Har rana ta yi zafi. Sai ta tambaye ni, "Ɗan nan, hafsan bai iso layinmu ba?" In na ce bai zo ba sai ta ce to gobe ke nan. Na taɓa ce mata ya zo ya wuce, ya ce komai lafiya. Ta kalle ni ta ce ƙarya nake, ba a duba a bayan idon matar gida.

Na ga ya kamata ka sani. Allah ya ƙara girma.

Naka,
Kafinta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Na ji labarin benci, ba sai kin tambayi wa ya gaya mini ba.

Ban amsa wasiƙarki ta baya ba don in na amsa za mu ɓata. Amma na yi tunani, kuma na gane kuskurenmu. Mama ba yawo take zuwa ba, aiki take, kuma ba a sallame ta ba. Wanda aka sa aiki a bariki ba ya barinsa don an roƙe shi ko an kulle shi, sai an zo an duba an ce ya yi. Ke ba za ki iya sallamarta ba, kafinta ma haka. Kaki take jira.

Kakina na nan, har yanzu yana shiga na in na riƙe numfashi. Ranar Asabar zan zo. Ku bar ta ta gama sharar ta, ta tsaya a inda ta saba. Zan shigo daga bakin layi, in duba, in ce ɗakin Kofur ya fi kowane ɗaki tsafta, an kuma ɗauke masa duba daga yau har abada. Wannan aikin na yi shi shekara da shekaru, ba sai an koya mini ba.

Na san ra'ayinki a kan kaki. Ki daure na rana ɗaya.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama dai farilla ce a kan mai shigowa, don haka assalamu alaikum. Gaisuwa kuwa ba ni da ita.

Ka tafi ba ka ko yi mini sallama ba. Hoton kawai ka ɗauka a kan keken ɗinkina inda na ajiye maka, ka nufi tasha kamar wanda aka biyo. Don haka bari in gaya maka abin da ka yi, ko ka ce ba ka gani ba.

Ka ɓullo daga bakin layi cikin kakinka. Mama ta miƙe ƙyam, ta gyara ɗankwali, ba ta gane ka ba ko kaɗan. Ka duba duwatsu ka gyaɗa kai. Ka duba daɓe ka gyaɗa kai. Ka leƙa ciki, kafinta ya kwana yana kwashe katako saboda kai. Na ga fuskar Mama ta fara saki, wallahi har murmushi ya soma zuwa. Na ce a raina, yau zan nemi gafarar Yaya. Magana ɗaya ta rage ka faɗa.

Sai ka ɗaga hannu.

Ka shafa saman ƙofa, Yaya. Ka sauko da yatsa ka duba. Wa ya aike ka? A shagon kafinta, inda garin katako ke tashi dare da rana, me kake tsammanin samu? Ko minti biyar aka yi da gogewa sai ya sake kwanta. Ka ga ƙurar, Mama ma ta gani.

Uwarka ta durƙusa maka. Ta kama takalminka da hannu biyu tana cewa, "Oga, ni ce da laifi, haihuwa na yi, kar a sa shi gudu, a sa ni." Kai kuma ka tsaya kamar itace, baki a buɗe, yatsa a sama. Kafinta na ta yi maka alama ka yi magana. Da ka samu bakin, ka ce komai ya yi, ba ta ji ba, don ta riga ta ga yatsan. Garin neman gira mun rasa ido.

Tun ranar ba ta ƙara taɓa tsintsiya ba, in wannan ne burinka to ka ci nasara. Yanzu kofi take cikawa da ruwa, ta je bakin filin fareti ta tsaya a rana. Ta ce Kofur na gudu, in ya zo wucewa za ta miƙa masa. Motocin koyo na kewayawa, ita tana bin su da ido. Ba ta cin abinci, ta ce ta yaya za ta ci yana can. Ni ce nake tsaye a bayanta da lema, shago a rufe. Ta rame, ƙafafunta sun kumbura. Da, sharar na ƙarewa ta dawo gida. Gudun nan ba ya ƙarewa.

Abin da ke hana ni barci ba Mama kaɗai ba ce. Hannunka ya tafi saman ƙofar nan kamar mai zuwa gidansu. Mata nawa ka yi wa haka? Ɗan matar da aka yi wa, wanda ya gani da idonsa! Ka ce ka horar da mutane kowa ya saba. Gaskiyarka, kai ne ka fi kowa sabawa.

Ka sa hoton a gilashi. Ka rubuta a ƙasa cewa ɗansa ya gaji laftanan.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Duk abin da kika faɗa haka ne. Ban yi niyya ba. Ban san na ɗaga hannun ba sai da na ga ƙurar. Ba na kawo wannan a matsayin hujja.

Ban kai hoton wurin ƙungiya ba, yana gabana. Rabona da in kalle shi da kyau na manta. Matata ta shigo ta gani ta ce yaushe na ɗauki wannan. Goshin, kunnuwan, har yadda kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka.

Hafsa ba zai ƙara yi mata amfani ba, na ɓata wannan hanyar. Yanzu Kofur take jira. In ya taho daga filin da ƙafarsa, ba jaka a bayansa, ya karɓi ruwan ya sha, ya ce mata an yafe, an ce su koma gida, watakila ta bi shi. Watakila kuma ta gane ni ta ƙi. Ban sani ba. Ba ni da wata dabara bayan wannan.

Ga rigata nan direba zai ba ki. Tambarin samanja na hannunta. Ana buƙatar a cire shi a sa igiya biyu na kofur irin na Baba, a daidai inda suke a hoton. Teloli sun yi yawa a nan, amma Mama ta wanke rigar Baba shekaru, in ɗinkin ya kauce za ta gani. Ke kika girma kina kallon hoton nan.

Na san abin da nake roƙo. In kin ƙi, ki mai do da ita, ba zan ce komai ba.

Ki gai da kafinta, ki ba shi haƙuri.

Yayanki

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Rigar ta iso. Ta kwana biyu a ƙasa inda na jefar da ita.

Na farke tambarin, yana cikin aljihun hagu in kana so. Igiya biyu sun zauna inda ya kamata. Na saki cikin rigar kaɗan, don Baba bai taɓa riƙe numfashi ba. Ba don kai na yi ba, kuma maganarmu ba ta ƙare ba.

An fara cire rufin ɗakunan farko na layinmu. Ka zo ranar Asabar kafin rana ta yi zafi, za ka same mu a bakin fili. In ta miƙo kofin ka shanye duka. Ka yi tafiya a hankali, kar ka yi fareti. Mama kuma ba ta komawa gida sai ta bi ta gaban ɗakin, don haka ka sa hannuwanka biyu a aljihu, kar ka fito da su sai mun tsallaka titi.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Auta